An Faɗi Cutata a Fili, an Faɗi Warkewata a Ɗaki

Zuwa ga Babban Likita mai kula da asibitocin ƙauyukan kudancin Kano.

Ranka ya daɗe,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka da dukan masu aiki a ƙarƙashinka. Yaya aiki, yaya fama da jama'a? Allah ya taimaka.

Sunana Ɗanlami, mahauci ɗan mahauci, daga wani ƙaramin ƙauye da ke cin kasuwar Burumburum. Ban aiko maka da takardar nan a rufe ba. Na roƙa a buga ta a jarida, domin abin da ya same ni a gaban jama'a ya same ni, kuma a gaban jama'a nake so a gyara shi. Ka yi haƙuri da rubutun. A asibitin kutare na koyi boko, ina da furfura a gemu, hannuna kuwa ya fi sabawa da wuƙa.

Kun warkar da ni daga kuturta, wannan ba na musu, kuma ba zan mutu ban gode ba. Yatsuna goma cif, da su nake riƙe da alƙalamin nan. Amma yau shekara biyu ke nan da dawowata gida, ba wanda ya sayi nama a hannuna, ba wanda ya sa hannu a akushi ɗaya da ni. Abin da nake nema a mayar mini shi ne sunana da rumfata a kasuwa. Ga yadda abin yake.

Na farko, yadda aka faɗi cutata. Shekara bakwai ke nan, bayan an gama girbin dawa, masu duba ciwon barci suka sauka a ƙauyenmu. Dagaci ya sa aka yi shela kowa ya fito, ba a bar kowa a gida ba sai mai jego da wanda ba ya iya tashi. Aka jera mu a ƙofar gidansa, maza layi ɗaya, mata layi ɗaya, aka ce mu maza mu tuɓe riga. Wuya suke latsawa suna neman kaluluwa. Da malamin da ke dubawa ya zo kaina ya latsa bai ji komai ba, har ya ce in wuce, sai idonsa ya kai kan wani tabo a bayan kafaɗata, ja-ja, faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Na san da shi, matata ta gaya mini, na ɗauka makero ne. Ya ce in rufe ido, ya ɗauki auduga ya riƙa taɓa ni, duk inda na ji in nuna. Na nuna ko'ina ban da wurin. Sai ya ɗaga murya ya kira abokin aikinsa mai rubutu, wanda ke zaune can gindin durumi, ya ce, "Rubuta, wannan kuturu ne." Ba da mugunta ya faɗa ba, nisa ne tsakaninsu. Amma gari kaf ya ji, har matan da ke ɗaya layin. Wanda ke bayana ya ja da baya taki biyu. Na tsaya da rigata a hannu, na rasa ko in sa ta ko in bar ta.

Na biyu, abin da ma'aikatanka ba su sani ba, kuma ba su tambaya ba. A wurinmu kuturta ba ciwo ba ce kawai, shaida ce. Tun muna yara muke jin cewa duk wanda ya dafa Alƙur'ani ya rantse a kan ƙarya, kuturta ce za ta kama shi, ko ba daɗe ko ba jima. Ni kuwa na taɓa rantsuwa. Shekara biyu kafin zuwan masu duban nan, na sayi wani bijimi a ruga, a hannun wani Bafillace da na saba saye wurinsa, ban nemi shaida ba saboda sabo. Na yanka na sayar. Bayan kwana uku wani mutumin Badafi ya zo ya ga fatar a shanye, ya ce sansa ne da aka sace. Kafin nan rugar ta tashi ta yi kudu. Aka kai ni gaban alƙali, ba ni da shaida, shi ma ba shi da ita, aka ba ni rantsuwa. Na yi alwala na dafa na rantse cewa saye na yi, ban san na sata ne ba, in ma na satar ne. Allah ya san gaskiya na faɗa, kuma ko yau aka ba ni Alƙur'anin zan sake dafawa.

To, ranka ya daɗe, ran da malaminka ya ɗaga murya a ƙofar dagaci, ba magana ɗaya mutane suka ji ba. Sun ji Ɗanlami kuturu ne, sun kuma ji Ɗanlami ɓarawon sa ne wanda ya rantse a kan ƙarya. Kafin magariba labari ya kai Badafi. An ce mini mai san ya yi ta faɗa a kasuwa cewa ai ga shi nan, Allah ya yi masa sakayya. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa tambayata ko na yi ƙarya ba, kuma shirun nata ya fi mini ciwo da a ce ta tambaya. Ta rasu ina asibiti, ban san abin da ta tafi da shi a ranta ba.

Na uku, yadda na warke da yadda aka sallame ni. An ce mini in na tafi asibitin kutare da wuri zan tsira da yatsuna, mahauci kuwa ba yatsu ai ya gama. Da ƙafata na tafi, ba wanda ya tilasta ni. Na yi kusan shekara biyar a can. Da fari allurar mai ake yi mana, wadda ke kumbura fata ta hana mutum kwanciya a wannan gefen, daga baya aka kawo farar ƙwaya. Ba a wulaƙanta ni ba. An ba ni ɗaki da gona, an koya mini karatu, in salla ta zo ni ke yi wa kowa fiɗa. A can na ga yaran da ba su wuce shekara biyar ba da irin tabona, na ce a raina, su kuma wace rantsuwa suka yi? Wata rana malamin da ke tsaga mana kunne don ya ɗebi abin aunawa, ina yi masa tsiya cewa riƙon wuƙarsa ba na gado ba ne, ya ce in zo in leƙa madubinsa mai ƙara girman abu. Na leƙa na ga wasu 'yan abubuwa jajaye kamar an yayyanka zare. Ya ce su ne cutar, daga jikin wani suke shiga jikin wani, ba ruwansu da mai gaskiya ko maƙaryaci, kuma ƙwayar da nake sha ita ke kashe su. Ban yi masa kuka ba, sai da na koma gona.

Ran sallama aka kira ni ofis aka rufe ƙofa. Mu uku ne a ciki, ni da likita da malamin nan. Aka duba ni daga kai har tafin ƙafa, aka ce ba sauran komai, ba kuma wanda zai ɗauka daga gare ni. Aka miƙo mini takarda da Turanci, da hatimi a ƙasa. Na naɗe ta a ƙyalle kamar laya, na kamo hanya ina murna irin ta wawa, a zatona takarda za ta yi magana.

Na huɗu, abin da na tarar. Na kai wa dagaci takardar, ya juya ta sama da ƙasa, ya miƙa wa malaminsa na haraji. Shi kuma ya karanto sunana da sunan ubana, nan karatunsa ya tsaya. A ƙauyenmu ba mai jin Turanci, ni kaina Hausa kawai nake iya karantawa. Dagaci ya ce madalla, Allah ya ƙara sauƙi. Mai sauƙi ai shi ne wanda bai gama warkewa ba, na kuwa gane abin da yake nufi. Na je wurin Sarkin Fawa, mutumin da muka koyi fiɗa tare a hannun mahaifina. Ya tashi tsaye ya yi mini maraba, hannayensa duka biyu a cikin riga. Ya ce, "Ɗanlami, ni wallahi ban ƙi ka ba, rumfarka na nan. Amma wa zai saya? Abin nan ba ya warkewa, kwanciya yake yi."

Na ce bari in gwada. Na sayi bunsuru mai kyau na yanka ranar kasuwa, na gyara shi gyaran da ba mahaucin da ke wurin zai iya, wannan ba fahariya ba ce, sun sani. Na zauna tun hantsi. Mutane na zuwa su gaishe ni da kyau, su tambayi lafiyar jiki, su wuce rumfa ta gaba su sayi ƙashi da jijiya. Har la'asar ba wanda ya taya, ungulaye ne kawai suka tsaya mini. Na kwashe na kai gida na yi kilishi, na yi wata guda ina cin abina ni kaɗai.

Ba zan ce mutanenmu mugaye ne ba, da ma mugayen ne da na san yadda zan yi da su. Alheri suke yi mini, irin wanda ake yi wa musaki. An ware mini ƙwarya tawa. A bakin rijiya ba na zura guga, wani ne ke ja ya zuba mini daga sama. A masallaci akwai tazarar mutum guda tsakanina da na kusa da ni, ba wanda ya taɓa cewa a bar ta, ba kuma wanda ya taɓa cike ta. Maza na fito da tuwo ƙofar gida a yi ciyayya bayan magariba kamar yadda aka saba, ni kuwa sai a aiko mini da nawa. Limaminmu ya kira ni soro mu biyu, ya ce shi bai taɓa cewa na yi ƙarya ba, cuta jarrabawa ce daga Allah. Na gode masa. Amma na lura kowa a ɗaki yake gaya mini alheri.

Sarkin Kutare na yankinmu ya aiko mini cewa in zo mu riƙa zagayen barar Juma'a tare, akwai rabo. Na je don girmamawa. Da mutanensa suka ga hannayena sai ɗaya ya yi dariya ya ce, "Wannan ai zai ɓata mana sana'a, wa zai ba mai yatsu goma?" Muka yi dariya tare, na taso. Kutare sun ce ni ba nasu ba ne, masu lafiya sun ce ni ba nasu ba ne.

Matata ta nemi saki ina shekara ta biyu a asibiti, alƙali ya ba ta, ta yi aure a wajen Kiru. Ban riƙe ta a rai ba, ba a ce mata zan dawo ba. 'Yata Ladi an yi mata aure ba na nan. Tana zuwa ran Juma'a ta ajiye mini fura a bakin ƙofa, ta durƙusa daga can ta gaishe ni, ta juyo da goyonta in ga fuskar jikana. Dangin mijinta sun yi mata kashedi. Yaron har ya fara tafiya ban taɓa ɗaukarsa ba. Babbar sallar da ta wuce na wasa wuƙaƙena tun jajibiri, domin a da gida goma nake yi wa fiɗa kafin azahar. Na zauna a ƙofar gida ina jin kukan raguna, ina jin ana kiran sunayen mahauta, ban ji nawa ba. Da yamma aka yi ta aiko mini da naman sadaka, an daddatsa shi kamar da fartanya. Akwai ranar da ke fitowa ta faɗi, in ban da sallamar salla ban yi wa kowa magana ba. Kaɗaici ya ishe ni, ranka ya daɗe, ba na jin kunyar faɗa.

Na biyar, kada ka ce wannan kukan mutum ɗaya ne, domin aikinka ma yana ɓaci. Yanzu kun kawo ƙwayar har kusa da mu, ba sai mutum ya bar gida ba, wannan babban alheri ne. Amma ranar kasuwa ake rabawa, a gindin tsamiyar da ke kan hanyar kasuwa, malamin da ke rabon kuma yana kiran suna ɗaya ɗaya daga littafi. Ka tambaye shi su wa ke zuwa. Waɗanda yatsunsu suka riga suka gutsure ne, waɗanda ba su da sauran abin ɓoyewa. Mai sabon tabo, wanda shi ne maganin zai fi yi wa amfani, wurin wanzami yake zuwa a ƙona masa wurin ya zama kamar tabon wuta. In aka ji masu duba za su zo, sai ka ga magidanta sun tuna da zumuncin da suka daɗe ba su kai ba a Riruwai. Tsoron ya shafi har masu lambar rigakafi, in sun shigo gari mata na ɓoye 'ya'ya a rumbu, domin mutane sun koyi cewa layin asibiti wuri ne da ake tona asirin mutum.

Daminar bana ina gona da rana tsaka, dawa ta fi tsawon mutum, sai na ji sallama. Wani magidanci ne daga wani gari, ba zan faɗi sunansa ko garinsa ba ko da za a yanka ni. Ya yi tafiyar rabin yini don ya gan ni. Muka daɗe muna zancen ruwa da taki, sannan ya duba gabas da yamma, ya ɗaga riga ya nuna mini kwiɓinsa. Na ce ya rufe ido, na taɓa shi da bakin rawanina kamar yadda aka yi mini. Bai ji ba. Na kai hannu na shafa wurin, bai janye ba. Shi ne mutum na farko da ya bar hannuna ya sauka a jikinsa tun da na dawo, kuma sai da na ji kunyar daɗin da na ji, alhali mugun labari zan ba shi. Na gaya masa gaskiya, na ce ya zo mu je wurin ƙwaya tun abin bai taɓa jijiya ba. Ya ce, "Malam Ɗanlami, ni ko ƙofar alƙali ban taɓa takawa ba, amma wa zai yarda? Kai da ka sha ka warke, ina ka tsaya yanzu?" Ya ce zai jira ya ga yadda za ta ƙare da ni. Yana da mata da 'ya'ya huɗu, ɗaki ɗaya suke kwana.

Na san kayan da ke kanka suna da yawa. Na san kurkunu na kwantar da majiya ƙarfi daidai lokacin noma saboda ruwan tafki, na san abin da sanƙarau ke yi mana in bazara ta yi zafi, na san mata na mutuwa wajen haihuwa ba mai kai su ko'ina. Waɗannan suna bukatar rijiyoyi da siminti da motoci, kuma ban ce a bar su don ni ba. Abin da nake cewa shi ne, duk maganin da za ku kawo, sai mutum ya fito ya karɓa, ba kuwa zai fito ba in ya ga wanda ya riga shi fitowa ya tozarta. Nawa roƙon ba ya bukatar siminti. Ga shi.

Ɗaya, ka turo malaminka kasuwar Burumburum ranar da take ci, a kira dagacinmu da liman da Sarkin Fawa. Ya tsaya ya faɗa da Hausa cewa Ɗanlami ya warke, ba mai ɗaukar komai daga hannunsa, kuma cutar nan ƙwayar cuta ce ke kawo ta, ba rantsuwa ba. Ya ɗaga murya kamar yadda ɗan'uwansa ya ɗaga ran da aka rubuta ni. In ya gama zan miƙa masa tsire tsinke ɗaya da hannuna, ya ci a gaban mutane. In shi ma ba zai iya ci ba, to ku faɗa mini gaskiya in haƙura.

Biyu, takardar sallama a riƙa rubuta ta da Hausa, da boko da ajami, yadda kowane malamin zaure zai iya karanta wa jama'a.

Uku, duk inda za a duba mutane a kewaye wurin da zana, abin da aka gani kuma a faɗa wa mai shi a kunne. A ɗauke rabon ƙwaya daga hanyar kasuwa da ranar kasuwa, a bar kiran suna.

Huɗu, kafin magani ya shiga gari, magana ta riga shi. A zauna da limamai da wanzamai da ungozomomi a gaya musu abin da aka nuna mini a madubi. Mu da muka warke muna nan warwatse daga Bebeji har Doguwa, kowa na zaune a bayan gari ba aikin fari ba na baƙi. Ku tafi da mu mu nuna hannayenmu. Ni na ba da kaina, ba na neman lada wurin kowa sai Allah.

Ranka ya daɗe, kada ka ɗauki zafin maganata rashin kunya ne ko rashin godiya. Wanda ya daɗe bai yi hira ba, in ya samu mai saurare sai ya zarce. Ina roƙon Allah ya ƙara maka lafiya da basira, ya tsare ka da zuriyarka daga irin wannan cuta da irin wannan zama, ya sa aikinka ya zama sanadin rahama gare ka. Ina roƙonsa ya sa takardar nan ta iso hannunka tun magidancin nan da ya same ni a gona yana da yatsunsa.

In ka turo manzo, ba sai ya sha wahalar tambaya ba. Gidana ne na ƙarshe ta yamma da gari. Ya dai sa takalmi, domin ciyawa ta rufe hanyar.

Wassalam.

Ni ne naka mai biyayya,
Ɗanlami Mahauci,
ƙasar Tudun Wada.